Ba a fafe gora ranar tafiya: ƴaƴanmu da ƙofar makarantun kasuwanci

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito cikin damina, sai ka ga iyaye daga Agye da Gazawa da Gidan Rumji sun cika motocin Maraɗi, kowa da ambulan a hammata, ana neman inda za a saka yaro. In ka tambaye su abin da suke so ya karanta, amsar ba ta wuce uku: kasuwanci, lissafin kuɗi, ko aikin banki. Buri ne mai kyau, kuma ya dace da yankin da ke rayuwa kan aya da riɗi da wake da gyaɗa da fataucin kan iyaka. Sai dai ra'ayina shi ne, da yawa daga cikin yaran nan an riga an yanke musu hukunci shekara uku ko huɗu kafin wannan tafiya. Tun ba su shiga ɗakin jarrabawa ba an kayar da su, kuma abubuwan da suka kayar da su suna hannunmu, mu malamai da iyaye: sashen da aka zaɓa musu bayan BEPC, irin lissafin da muka koya musu, rubutun da ba mu gyara ba, da takardun da muka bari cikin akwati har gara ta taɓa su.

Bari mu fara da sanin ƙofofin, don wanda bai san inda za shi ba, ba ya sanin guzurin da zai ɗauka. A Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa. A Tawa, Jami'ar Djibo Hamani ta yi fice a wannan fanni, tana da tsangaya, tana kuma da cibiyar IUT mai koyar da gudanar da kamfanoni da dabarun sayar da kaya. Jami'armu ta Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ta fi karkata ga kimiyya da noma da kiwon lafiya da fasaha, shi ya sa yaron da ke son karatun gudanarwa a jami'ar gwamnati galibi sai ya nufi Tawa ko Yamai. Akwai makarantu masu zaman kansu da ke shirya ɗalibi shekara biyu ya zauna jarrabawar BTS ta ƙasa. Akwai makarantar ENA ta Yamai mai horar da ma'aikatan mulki da na kuɗi, wadda ake shiga ta hanyar gasa. A waje akwai CESAG ta Dakar, wadda ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO. Ga kuma maƙwabta: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ta Katsina, inda Ingilishi ne mabuɗi. Wasu ƙofofin takardu kawai suke dubawa, wasu sai an yi jarrabawa, wasu har da ganawa baki da baki. Amma dukansu abu uku suke nema: yaron da ya iya lissafi, ya iya fahimtar abin da ya karanta, kuma takardunsa suka cika.

Na san abin da wasu za su ce, don ana faɗa a majalisa kullum: alhazan Maraɗi da suka gina garin nan, wace makarantar kasuwanci suka yi? Gaskiya ne, ba su yi ba. Har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi sukutum a kansu a 1986, ya nuna yadda suka tashi daga cinikin gyaɗa zuwa babban fatauci ta hanyar amana tsakanin ubangida da bara. Wannan makaranta ce, kuma ba a raina ta. To amma mu duba kasuwar da jikokinsu suka tarar. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, masu dokar kasuwanci iri ɗaya tun yarjejeniyar 1993, kuma sabon tsarin ajiye lissafi na SYSCOHADA ya fara aiki a Janairun 2018. Banki ba ya ba da bashi mai kauri sai ya ga lissafin shekara a rubuce. Kwangilar gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji tana buƙatar lambar haraji da takardun da aka cika daidai. Alhajin da bai yi boko ba yana ɗaukar akawu aiki, yana biyansa, yana kuma buɗe masa cikinsa. Tambayar ita ce, wannan akawun ɗan wa zai zama? Sannan duk wanda ya ga abin da rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya yi wa ƴan kasuwarmu, da wanda ya biyo bayan Yulin 2023, ya san cewa dogaro da hanya ɗaya da ubangida ɗaya bai isa ba. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ake aikinsa. Ranar da ya iso, za a nemi masu lissafin sito da masu cika takardun kwastan. In ba mu shirya namu ba, za a kawo na wasu.

Mataki na farko yana ajin 3e, shekarar BEPC. A nan ne ake raba yara: wasu sashen A na adabi, wasu sashen C na kimiyya wanda daga baya yake rabuwa zuwa C da D, wasu kuma makarantar fasaha irin Lise Dan Kassawa ta Maraɗi, inda ake da sassan G na lissafin kuɗi da kasuwanci. Iyaye da yawa ba su san ma ana wannan rabo ba. Yaro ya ci BEPC, an yi murna, an yanka kaza, shi ke nan. Shi kuwa yaron, saboda tsoron lissafi, ya roƙi a kai shi sashen A, ko makinsa ya kai shi can ba tare da an tambaye shi ba. Bayan shekara uku sai uba ya zo yana cewa so yake ɗansa ya zama akawun banki. Ba na cewa ɗan sashen A ba zai iya karatun gudanarwa ba. Yana iyawa, wasu sun yi. Amma zai shiga aji ɗaya da wanda ya shekara uku yana fama da lissafi mai zurfi, ko wanda ya riga ya san shafin shiga da shafin fita a littafin akawu. Shekarar farko a jami'a ce take tankaɗe irin waɗannan yara, su dawo gida ana cewa ba su da ƙoƙari, alhali hanya aka ɓatar musu tun suna ƴan shekara goma sha biyar.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun CEG na Caduwa da Gangara da Tsibiri da Cadakori da sauransu: taron iyaye na farkon shekarar 3e ya daina tsayawa kan kuɗin ƙungiya da gyaran katanga. A ware awa ɗaya a yi wa iyaye bayani da Hausa, a zana musu a allo: wannan sashe ga inda yake kaiwa, wancan ga inda yake kaiwa. Uban da ya san bambancin irin gero mai saurin nuna da mai jinkiri ba zai kasa gane wannan ba.

Mataki na biyu shi ne lissafi, kuma a nan nake so in daɗe, don a nan ne abin takaicin ya fi yawa. Ƴaƴanmu sun iya lissafi fiye da yadda makinsu ke nunawa. Yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli a tashar Gazawa, in aka ce mata saba'in da biyar, ta san sefa 375 ake nufi. In aka ce ɗari da hamsin, ta san 750 ne. Ƙirgen dala da muke yi a kasuwa ninkawa ne da biyar, kuma yaro yana yin sa sau ɗari a wuni ba tare da alli ba. Yaron da ke taya babansa awo a kasuwar aya ta Caduwa ya san tiya nawa ke cikin buhu, ya san kuɗin buhu in an faɗi kuɗin tiya, ya san ladan dillali da na ɗan dako. Wanda ke kusa da iyaka yana juya naira zuwa sefa a ka. Amma wannan yaron ne zai zo aji, a ba shi tambaya da Faransanci mai layi uku, ya zauna yana kallon rufi. Ilimin yana nan, gadar ce babu. Wani lokaci ma ƙirgen dalar ne ke rikita shi: ya ji an ce sefa ɗari a littafi, ƙwaƙwalwarsa ta ba shi 500, don a kasuwa ɗari 500 ce. Malamin da bai taɓa zama ya warware wa yara wannan ba, ya bar musu tarko a hanya.

Ga misalai uku da nake ganin duk yaron da zai nemi makarantar kasuwanci ya kamata ya iya su tun yana CEG. Na farko: a ce ka sayi buhu jaka 20, ka sayar jaka 25. Ribar jaka 5 ce, kowa ya sani. Amma kashi nawa ce cikin ɗari? In ka auna ta da kuɗin saye, 25 ce. In ka auna ta da kuɗin sayarwa, 20 ce. Duka biyun daidai ne, kuma kowace da sunanta a littafin akawu. Mai shirya jarrabawa yana sane da haka, shi ya sa yake jera amsoshin biyu kusa da juna. Na biyu: farashin tiya ya tashi da kashi 20 cikin ɗari lokacin bazara, da kaka ta yi ya sauka da kashi 20. Yara da yawa za su ce ya koma inda yake. Bai koma ba. Abin da yake 100 ya zama 120, aka cire kashi 20 na 120, wato 24, ya rage 96. Na uku: harajin TVA a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari. An ce kaya sefa 11,900 har da haraji, nawa ne kuɗinsa kafin haraji? Mai gaggawa zai cire kashi 19 daga 11,900 ya sami 9,639. Amsar 10,000 ce, don a kan kuɗin asali aka ɗora harajin, sai dai a raba da 1.19. Babu ɗaya cikin ukun nan da ya fi ƙarfin ɗan aji 4e. Abin da ake buƙata kawai malamin da zai fara da buhu da tiya, da Hausa, har yaro ya gane abin da ke faruwa, sannan ya mayar da shi Faransanci da alamomin lissafi.

Mu da muke horar da malamai muna ganin tushen matsalar. Matashin da zai je ya riƙe ajin CM2 a ƙauye, in shi kansa haddar ƙa'ida ya yi bai gane dalilinta ba, haddar zai koyar. Kundin da hukumomi suka zartar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko ba komai, wannan ya isa ya cire wa malami kunyar yin bayani da harshen da yara ke tunani da shi. Amma kada a yi mini mummunar fahimta. Jarrabawar da yaro zai zauna da Faransanci za a yi ta, ko da Ingilishi in ya tsallaka iyaka. Hausa tsani ce da za a hau, kuma dole a kai saman.

Wanda yake zaton manyan makarantun duniya wani abu dabam suke tambaya, ya duba. Jarrabawar GMAT da makarantun kasuwanci na Amurka da Turai ke nema ga masu digiri na biyu, sassa uku gare ta, kowane minti 45: lissafi, fahimtar rubutu, da karanta bayanan da ke cikin jadawali. TAGE MAGE ta Faransa tambaya 90 ce cikin awa biyu, kan fahimta da lissafi da tunani da iya harshe. Babu wadda take cewa ka kawo ma'anar kasuwanci. Duka so suke su ga ko kana karantawa da sauri ka gane, ko kana lissafi ba ka ruɗe ba alhali agogo na tafiya. Wato abin da ake nema a can ƙoli, shi ne abin da ya kamata a shuka a CM2.

Wannan ya kawo mu mataki na uku, rubutu da magana. Gasar shiga makarantu irin ENA ba ta rasa jarrabawar rubutu kan al'amuran yau da kullum, makarantu da yawa kuma suna neman wasiƙar da ɗalibi zai bayyana dalilin da ya sa yake son wannan karatu. Abin da ke faruwa shi ne, yaro ya je shagon kwamfuta a Maraɗi, a buga masa wasiƙar da aka buga wa mutum hamsin kafin shi, a sauya suna kawai. Mai tantancewa ya karanta irinta har ya gaji. Alhali yaron nan yana da abin faɗa da ɗan birni ba shi da shi. Ya ga yadda manomi ke sayar da wake da arha lokacin kaka don biyan bashi, ya dawo ya saye shi da tsada lokacin shuka. Ya ga bankin hatsi na ƙauyensu, ya san dalilin da ya sa ya tsaya ko ya rushe. Ɗan Agye ya ga yadda manoman Ɗan Saga suka mayar da itatuwa gonakinsu ta hanyar sassabe na zamani har ana zuwa daga wasu ƙasashe ana koyo. Shafi ɗaya kan ɗaya daga cikin waɗannan, da hannunsa da tunaninsa, ya fi kwafin da aka saya. Malamin Faransanci na lise zai iya sa kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya rubuta irin wannan wasiƙa sau uku a shekara, a gyara, a sake. Haka ma magana. Mun tarbiyyantar da yara su sunkuyar da kai gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a gaban masu tantancewa ana so yaro ya ɗaga kai ya yi bayani minti biyar ba tare da muryarsa ta shige ciki ba. Ladabi bai hana wannan ba, sabo kawai yake so.

Mataki na huɗu, takardu. A nan ne yaro mai ƙoƙari yake faɗuwa ba tare da an tambaye shi ko tambaya ɗaya ba. Kusan kowace makaranta da kowace gasa tana neman takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da sakamakon BEPC da na BAC waɗanda hukuma ta buga wa hatimi, da hotuna. Gasar gwamnati tana ƙarawa da takardar likita da takardar shaidar rashin laifi daga kotu, wadda wata uku kawai take aiki. Matsalar da ta fi yawa ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a ta BEPC Mamadou, a ta BAC an sa sunan kaka a wurin na uba. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin mai karɓar takardu mutum uku ne. Gyaran irin wannan sai an bi ta kotu ko ta hukumar jarrabawa, kuma ba aikin mako ɗaya ba ne. Ga batun shekaru: gasa da tallafin karatu na hukumar ANAB suna da iyakar shekaru da ranar rufe karɓa, kuma ranar ba ta jiran wanda ke ƙauye bai ji sanarwa ba. Shawarata mai sauƙi ce. A farkon shekarar 3e, sannan a farkon ajin ƙarshe na lise, uba ko uwa su kwaso takardun yaro duka, su zauna da malami a jera su a tebur, a karanta harafi bayan harafi. Abin da ya saɓa a fara gyaransa a ranar. Kowace lise kuma ta ɗora wa malami ɗaya nauyin bin sanarwar gasa da ta tallafi, yana liƙawa a allo, yana turawa zauren WhatsApp na iyaye da muryar Hausa, don ba kowa ke karatu ba.

Sai maganar makarantu masu zaman kansu. Akwai nagari a cikinsu, akwai kuma waɗanda allon ƙofarsu ya fi abin da ke ciki kyau. Kafin uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona, ya yi tambaya huɗu. Shin makarantar tana da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma izinin ya shafi wannan fannin da yaro zai karanta? Shin tana kai ɗalibanta jarrabawar BTS ta ƙasa, ko takardar gida kawai take bayarwa? Nawa ta kai bara, nawa suka ci? In ta ce hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu ta amince da ita, wace takardar shaida ce aka amince da ita, tun da CAMES takarda-takarda take tantancewa? Makarantar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Wadda ta fara kame-kame, ta ba ka amsa ke nan. Mutumin da ba ya sayen akuya sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora, bai kamata ya biya kuɗin shekara uku a kan hoton gini ba.

Kada kuma mu manta da ƴan mata. A jihar Maraɗin nan aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusu da ba da rance da aka kwaikwaya daga baya a ƙasashe da dama na duniya. Matan da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba suka riƙe asusu, suka ba da bashi, suka karɓa da riba, suka raba a ƙarshen zagaye ba tare da rigima ba. Ƴar da ta tashi tana kallon uwarta tana wannan, wa zai ce lissafin kuɗi ya fi ƙarfinta? Abin da ke tsayar da ita sananne ne: ana cire ta kafin BEPC, ko ta ci amma a rasa gidan amana da za ta zauna a Maraɗi ko Tawa. Iyayen gari ɗaya za su iya haɗa kai su kama gida guda, su sa dattijuwa ta zauna da ƴaƴansu. Ana yin haka don fatauci da aikin hajji, ba abin da zai hana a yi don karatu.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, wai gasa sai mai uwa a gindin murhu, aiki kuma babu ko an gama. Ba zan ce ƙorafin ba shi da tushe ba, kowa ya san masu digiri da ke zaune. Amma ko a inda ake son kai, yaron da takardunsa ba su cika ba shi ne ya sauƙaƙa wa mai son kai aiki. Sannan karatun kasuwanci yana cikin ƙalilan da ba dole sai an ɗauke ka aiki kake cin moriyarsu ba. Wanda ya iya fitar da ainihin kuɗin da buhun aya ya ci daga gona zuwa Kano, ya iya rubuta takardar neman rance, ya iya riƙe littafin ƙungiyar manoma, yana da abin yi a Gidan Rumji ko ba a kira shi Yamai ba.

Don haka, uban da ɗansa ke 3e bana, ya je makaranta wannan watan ya tambayi makin lissafinsa da sashen da ake shirin kai shi. Uwar da ƴarta ke ajin ƙarshe ta fito da takardunta a duba. Malamin lissafi ya shigo da tiya da buhu cikin darasinsa na mako mai zuwa, na Faransanci ya ba da wasiƙar farko kafin hutu. Waɗannan ba sa jiran kasafin kuɗin gwamnati, ba sa jiran wata ƙungiya ta zo da mota. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana.